Muryar Sekandar Patwari

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina magana da bakin Sekandar Patwari. Duk wanda ya taɓa shiga silima a ƙasar nan ya ga dogon mutumin nan mai faɗin goshi yana yi wa ƙaninsa faɗa, ko yana yanke hukunci a kotu, ko yana barin wasiyya a gadon mutuwa, to fuskar tasa ce, muryar kuwa tawa. Sunana Moslehuddin, mutumin Kushtia, inda ake cewa harshenmu na Bangla ya fi fita tas. Allah ya ba ni murya, ya ga ta ishe ni, don haka bai ƙara mini da tsawo ko gashin kai ba. Sekandar ya rasu a daminar bara. Jaridu sun yi ta yabon "muryarsa mai ratsa zuciya", na karanta na ninke na ajiye, don ban san ko in yi godiya ko in yi kuka ba.

An haife shi a Moynar Char, wani ƙauye a gefen tsibirin Hatiya, inda kogin Meghna yake shiga teku. Ubansa Hashem makiyayin ɓauna ne, irin na gida da ake tatsa, uwarsa Jobeda tana yin kindirmo a tukwanen ƙasa. Tun yana saurayi ya bi 'yan wasan dandali na ƙauye, waɗanda ke zagayawa bayan an gama girbin shinkafa. Ba lasifika a lokacin, kuma ba ya buƙatarta. Ya sha gaya mini cewa muryar gado ce: ubansa kan tsaya a wannan gaɓa ya kira ɓauna daga waccan, su ɗago kai su biyo ruwa.

Yana can wajen wasa a cikin ƙasa lokacin da babbar guguwar 1970 ta taso da teku ta kifa shi a kan tsibiran. Da ya dawo bai samu ubansa ba, bai samu ƙannensa mata biyu ba. Uwarsa kaɗai ya samu, wadda ta ɗaure kanta da zaninta a jikin bishiyar kwakwa har ruwa ya janye. Abin da teku ya rage, kogi ya bi shi yana gutsira shekara bayan shekara, gona, masallaci, maƙabarta, har ba sauran inda za a nuna a ce nan ne Moynar Char. Mutanen garin suka watse. Bayan yaƙin 'yanci ya ɗauko uwarsa suka shigo babban birni, Dhaka.

Ina wurin ranar da aka fara gwada shi don shiga fim. Ya tsaya gaban kyamara, darakta ya leƙa ya ce, "Masha Allah, wannan fuskar ai ta sarakuna ce." Aka ba shi layi biyu ya faɗa. Yana buɗe baki mai riƙe fitila ya tuntsire da dariya, sauran suka taya shi. A finafinanmu maganar mutanen gaɓar teku ta barori ce da 'yan barkwanci. In ka ji ta, to a shirya dariya.

Daraktan ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Ya ce, "Ka ga, ɗan'uwa, hanya biyu ce. Ko ka riƙe bakinka in ba ka baran gida mai fasa kwanuka, ko ka ba ni fuskar in ɗora mata muryar wancan gajeren." Ya nuna ni da karan sigarinsa.

Sekandar ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. Ya ce, "A ɗora." Mutane sun ɗauka son girma ne. Sai bayan mun saba ya faɗa mini dalili: "Haka ubana yake magana. Ba zan tsaya ana biyana don a yi dariyarsa ba. Gara a rufe muryar."

A zamanin, kyamara ƙara gare ta kamar injin niƙa, don haka duk magana sai daga baya ake ɗora ta a wani ɗaki mai duhu, mutum yana kallon leɓe a allo yana bi. Yawancin 'yan wasa su ke ɗora tasu. Sekandar ba shi da aikin yi a ɗakin, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Yakan zauna a bayana da kwanon shinkafa da dakakken busasshen kifi, wanda warinsa kan kori mai haɗa sauti waje, ya yi ta gyara mini, yana kirana Mosleh-bhai, wato ɗan'uwa Mosleh.

"Mosleh-bhai, wannan wane irin kuka ne? Kamar wanda aka taka wa ƙafa a bas. Ɗana fa aka ce ya mutu."

"To zo ka yi da kanka mana, mu ga in ba a rufe silimar ba."

"Ka ji ɗan guntun mutum da dogon baki! Sake. Kafin in yi kuka ina haɗiyar yawu, ba ka gani ba? Jira ni in haɗiye."

Na sake, kuma gaskiyarsa ce. Na koyi inda yake jan numfashi, inda yake cije haƙori, yadda yake ɗan tari kafin ya faɗi abin da ya yi masa nauyi. A kunnena akwai abin sauraro da ke kawo mini sautin da aka ɗauka a wurin wasa, wanda za a jefar bayan na gama. Ke nan duk ƙasar nan, in ka cire 'yan wurin ɗauka, ni da mai haɗa sauti ne kawai muka san yadda Sekandar yake wasa da muryarsa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ya fi ni. Tawa sumul take, tasa kuwa akwai yashi a ciki.

Da aka fito da fim na farko da ya samu babban matsayi, ya saya wa uwarsa sabon zani fari, ya kai ta kallon rana. Ya ce in zo mu tafi tare. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Aka fara, ya fito, aka yi tafi. Tsohuwa ta karkata kai tana saurare. Can ta taɓa gwiwarsa.

"Wai yaushe za ka fito ne?"

"Ma, ai ni ne nan nake magana."

"Kai dai ka cika wasa. Wannan ɗan birnin mai magana kamar ya haɗiyi littafi? Ni na haife ka, na san kukanka." Ta gyara mayafi ta jingina. "In ka fito ka tashe ni."

Ta yi barcinta har aka kunna fitilu. Bai tashe ta ba. Ni kuwa ina gefe na rasa inda zan sa fuskata, duk da duhun da ke wurin. Har ta koma ga Allah, in maƙwabta sun tambaye ta sai ta ce ɗanta yana aiki a silima, amma har yanzu ba a ba shi dama ba, a taya shi da addu'a.

Bai taɓa zama babban tauraron da 'yan mata ke yanke hotonsa ba. Shi ne yayan kirki, shi ne malamin makaranta, daga baya alƙali, daga baya uba. Ya mutu a allo fiye da yadda zan iya tunawa, kuma kowace mutuwa ni na ja masa numfashin ƙarshe. Masu shirya fim sun hana shi magana a bainar jama'a, don kada asiri ya tonu. In an tare shi a hanya sai ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce waliyyi ne. Ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, Shirin, wadda ta tashi da harshen birni tana gyara masa magana a gaban baƙi. Matarsa ta riga shi rasuwa. Sannan silima kanta ta fara mutuwa, ana rushe gidajen kallo ana gina kantuna, waya ta daina ƙara a gidansa da gidana.

Muna cikin wannan zaman ne muryarsa ta fara dushewa. Ya ce sanyi ne, ya yi ta shan shayi da citta. Da Shirin ta matsa masa suka je asibiti, likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki da wuri, kuma aikin zai tafi da muryar gaba ɗaya. Da na je duba shi ya yi dariya ya ce, "Me za su cire? Kayan da ba a taɓa amfani da shi ba?" Ban taya shi dariyar ba.

A makon ne wata yarinya mai suna Sanjida ta zo gidana. Sabuwar darakta ce, irin 'yan zamanin nan masu rataye jaka a baya. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce za ta yi fim a kan wani tsoho da kogi ya cinye wa gari, kuma Sekandar ya gyaɗa mata kai ya amince.

"Sai dai, Chacha, akwai wahala ɗaya," in ji ta, Chacha kuwa baffa ke nan a wurinmu. "Tsohon mutumin Hatiya ne. Ina so ka daure ka koyi maganarsu. Zan samo maka wani ɗan can ya riƙa zuwa yana koya maka."

Na ajiye kofin shayina don kada in jefa shi. "'Yar nan, kin taɓa jin Sekandar ya yi magana?"

"Haba Chacha, tun ina ƙarama! Na haddace..."

"Ni kika haddace. Tashi mu je."

Muka hau riksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa gidansa a unguwar Gendariya. Muka same shi a baranda ɗaure da lungi, zanin da mazanmu ke ɗaurawa, yana ɓare kwakwa. Na ce, "Ga wadda ke neman malamin da zai koya maka harshen uwarka." Ya dube ta, ya dube ni, sannan ya tambaye ta ko ta ci abinci, yadda ake tambaya a tsibiri. Yarinyar ta zauna a ƙasa ba tare da an ce ta zauna ba. Ba ta yi dariya ba, kuma daga ranar na yafe mata.

Matsalar ita ce ba za a iya ɗaukar fim ɗin ba sai ruwan damina ya ja baya, wata da watanni nan gaba, likita kuwa ya ce ba a jira. Sekandar ya ce zai jira. Shirin ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira ni ta ce in shiga maganar tunda ni yake ji. Na shiga da zafina.

"Ka haukace ne, tsoho? Za ka ba da ranka saboda fim ɗin da ba wanda zai kalla sai ita da ƙawayenta?"

Ya bari na gama. Sannan ya yi ɗan tarin nan nasa, na san abu mai nauyi na tafe.

"Mosleh-bhai, kai in ka ga dama gobe ka hau jirgin ƙasa ka je Kushtia, ka zauna ƙarƙashin mangwaron gidanku. Ni fa? Kabarin ubana kifi ke yawo a kansa. Ba gida, ba bishiya, ba wanda zan je wa gaisuwa. Abin da ya rage na Moynar Char yana nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "In suka yanke shi ba wanda ya ji, kogi ya gama aikinsa ke nan. Uwata ta mutu tana jira in fito. Ka bar ni in fito sau ɗaya."

Na je na gaya wa Shirin na kasa, ta daɗe ba ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na bi su Hatiya, ko da yake ba ni da aikin yi, don yanzu a wurin wasa ake ɗaukar murya. Wannan karon ni ne a bayansa da kwanon abinci da lema. Kwanakin farko abin ya ƙi. Da zarar an kunna kyamara sai bakinsa ya koma tsara kalmomin littafi, yana barin gurbi inda na saba numfasawa. Shekaru ya yi yana gyara leɓensa don su dace da ni, yanzu sun manta mai su. Sanjida ta rasa yadda za ta yi. Ni ne na fusata na yi masa tsawa daga baya.

"Wa kake jira? Ba na nan! Na yi ritaya! Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kai kaɗai ne za ka yi ta ara?"

"Ji min wannan wadan," in ji shi, "an ba shi lema ya zama darakta."

Aka yi dariya, Sanjida ta karɓe takardar daga hannunsa ta ce, "Chacha, manta da abin da na rubuta. Ka tsaya a gaɓar nan ka faɗi abin da ke ƙarƙashin ruwan." Ya tsaya ya daɗe yana kallon kogin. Sannan ya ɗaga murya, dusasshiya amma har yanzu da sauran ƙarfi, ya fara kiran gidajen garinsu ɗaya bayan ɗaya, daga masallaci zuwa mashigar jirage, yana kiran kowane maigida da sunansa kamar mai tashin mutane sallar asuba. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Masunta da ke gyaran raga a nesa suka dakata suna kallo.

Muna dawowa Dhaka aka yi masa aikin. Ya tafi da muryar kamar yadda aka faɗa, kuma likita ya gaya wa Shirin a gefe cewa an makara, ciwon ya riga ya yaɗu.

Fim ɗin ya fito bayan ƙaramar salla. Sanjida ta so ya je babban taron da aka shirya wa manya, ya girgiza kai. Da hannu ya nuna mana abin da yake so: kallon rana, a tsohuwar silimar da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Sadarghat, inda ya taɓa kai uwarsa. Muka tura shi a keken marasa lafiya, ni da Shirin, wuyansa naɗe da mayafi. Ba wanda ya gane shi, don ya rame ƙwarai. 'Yan kallon ba su da yawa, 'yan dako ne da masu riksha da matafiya masu jiran jirgin yamma.

Ya fito a allo, aka ɗan yi tafi don an san fuskar. Ya buɗe baki. Sai na ji abin da na ji shekara arba'in da suka wuce: wani ya yi dariya, wasu suka taya shi. Wani mutum a gabanmu ya juya wa abokinsa ya ce da ƙarfi, "Kai, wa ya ɓata wa dattijon nan murya? Sun cire tasa sun sa masa ta wani baƙauye. Wannan ai cin mutunci ne."

Na yunƙura zan tashi, Sekandar ya damƙe hannuna. Ban taɓa tsanar muryata ba sai a ranar. Na zauna ina tunanin ya sayar da sauran kwanakinsa don ya sake jin dariyar nan, kuma ni ne na kai yarinyar gidansa.

Dariyar ta yi ta raguwa da kanta yayin da labarin ke tafiya, amma ba wannan ya zo nema ba. Har aka kai wurin gaɓar kogi, ya fara kiran sunaye. Ya kira liman, ya kira mai gishiri, ya kira wasu da ban riƙe ba. Da ya ce, "Kala Miya mai jirgi, ina kake?" sai wata murya ta amsa daga kujerun gaba, na masu araha.

"Ya tafi! Ruwa ya tafi da shi!"

Wata tsohuwa ce ta miƙe tsaye, inuwar kanta ta tare ƙasan allon. Wani mutum da ke gefenta, ɗanta ne mai riksha kamar yadda na ji daga baya, yana jan zaninta yana cewa, "Ma, zauna, fim ne kawai." Ta doke hannunsa.

"Wane fim? Ubana yake kira! Wannan muryar Hashem mai ɓauna ce, wallahi ko a kabari na ji ta zan gane. Hashem ya mutu, to ɗansa ne. Ɗan Jobeda ne! Ku yi shiru, 'yan banza, mutumin garinmu na magana!"

Aka yi shiru. Ta tsaya a haka har ya gama kiran sunayen, kowane ya kira sai ta ce, "Allah ya jiƙansa," ko ta ce, "Wannan jikokinsa suna Chittagong." Sekandar ya sassauta damƙar da ya yi wa hannuna. Na waiga na ga yana haɗiyar yawu, na san abin da ke biyo baya, na kau da kai.

Da aka kunna fitilu Shirin ta je ta kawo ta. Tsohuwa ta sunkuya ta leƙa fuskarsa, ta kama kafaɗunsa biyu, ta shiga zuba masa tambayoyi da harshen tsibiri. Ina ya shiga duk shekarun nan? Jobeda tana raye? Ya tuna da ita, 'yar Kala Miya mai satar kindirmon uwarsa? Ya yi ta gyaɗa kai, hawaye na bin mayafin.

"To yi magana mana! Can ka cika mana kunne, nan ka zama kurma?"

Ya nuna wuyansa. Sannan ya juyo ya dube ni, yadda ya saba dubana a ɗakin duhu in an zo wurin da yake so a faɗa da kyau. Na buɗe baki. Na san duk abin da yake son cewa, na san har inda zai ja numfashi. Sai na rufe bakina, don a gaban wannan matar ba ni da abin da zan ɗora.

Tsohuwar ta dubi mayafin, ta dubi Shirin, ta gane. Ta sa gefen zaninta ta goge masa fuska kamar yaro.

"Bar shi, ɗan Jobeda," in ji ta. "Huta. Ai na ji ka."